Shekarar da Na Soke Makin Lawal

Asma'u, ke kika jawo wannan babi. Ranar sunan ɗiyar ɗan'uwanki Bashir, bayan mata sun watse kina tattara kwanuka, kika ce mini, ko kai ba ki ɗago ba, wai har yanzu in kin je biki Kusada akan sami mai nuna ki da baki, a ce ga ɗiyar matar nan da ta kayar da makaho. Kika tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce miki gaskiya ne, na ci gaba da naɗe tabarmata. Daga baya na ga amsar ta yi gajarta. Ke da 'yan'uwanki ku kuka sha gorin nan kuna ƙanana, kuna da hakkin jin yadda aka yi daga bakina, ba daga bakin matan biki ba. Amma tun yanzu ku sani, ba neman afuwa na zo yi ba.

A shekarar nan ni ce shugabar sashen ilimin masu buƙata ta musamman a jami'ar da na yi wa aiki. Aikinmu kashi biyu ne: mu horar da malaman da za su koyar da makafi da kurame da sauransu, mu kuma kula da ɗaliban jami'ar masu lalura, daga wurin kwana har ɗakin jarrabawa. Babanku ya rantse ba zai bar gidan ubansa a Kankia ba ko gwamna aka naɗa ni, saboda haka kullum da safe ina bakin titi ina tsayar da bas, jaka a kafaɗa, takardun ɗalibai a hammata. Direbobin nan duk sun san ni. Akwai wanda da ya hango ni sai ya ce wa na gaba ya koma baya, wai ga Hajiya mai faɗa ta iso. Ban taɓa musa masa ba.

Kowane ƙarshen shekara ana buga rahoton nasarori. Littafi ne mai bango mai sheƙi, kowane sashe da shafukansa, kowa ya baza abin da ya yi da hotuna. A nan manya suke duba wa za a ƙara wa ma'aikata, wa za a gina wa ɗaki, wa kuma za a bari a kujerarsa. Mu dai kullum namu shafin ba ya wuce abu uku: mun zuba siminti a ƙofar ɗakin karatu don keken guragu ya hau, mun yi taron bita, an ba mu kyautar na'urar buga rubutun makafi. Sauran sassa suna yi mana kallon 'yan rakiya. To a wannan shekara sai Allah Ya ba mu abin da za mu ɗaga kai da shi. Makaho na farko zai kammala digiri a sashenmu, kuma da sakamako mafi girma. Tun kafin a gama lissafin maki shugaban tsangayarmu ya sa aka aro masa riga da hular yaye ɗalibai, aka ɗauke shi hoto. Hoton nan shi za a sa a bangon littafin jami'a gaba ɗaya, ba shafinmu kawai ba. Ni kaina na yi murna, har na ɗinka sabon leshi.

Sunansa Lawal, mutumin Ƙofa ne. Yana ƙaramar sakandare sanƙarau ya kwantar da shi, ya tashi da rai amma babu ido. Ke nan ya san baƙaƙe, ya san allo da alli, kafin duhu ya same shi. Daga baya ya koyi rubutun makafi, wanda ake hudawa a takarda mai kauri ana karantawa da yatsa. Mahaifinsa Malam Audu manomi ne, gero da dawa, da rani kuma yana tufka igiyar rama ya kai kasuwa. Lawal ba mai surutu ba ne, amma in ya yi tambaya a aji sai malami ya gyara tsayuwa. Labarin ƙasa yake son koyarwa. Abu ɗaya ya rage masa, gwajin koyarwa, wato watannin da ake tura ɗalibi wata makaranta ya koyar, malaminmu ya je ya zauna a bayan aji ya ba shi maki. Aka tura shi wata sakandare a ƙasar Kusada don ya kasance kusa da gida, aka ba Malam Tukur, ɗaya daga cikin malamanmu, ya duba shi.

Saura mako guda a gama gwajin aka kawo mini fom-fom in sa hannu. Ina da wata ɗabi'a da abokan aiki suka tsana, ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Na zo kan na Lawal. Shirya darasi, maki cikakke. Murya, cikakke. Amfani da allo, cikakke. Sai idona ya sauka kan wani layi da aka rubuta "haɗa ido da ɗalibai", nan ma Malam Tukur ya zuba masa maki cikakke, har da ƙarin bayani da jan biro, wai madalla. Wallahi dariya na fara yi, ni kaɗai a ofis kamar taɓaɓɓiya. Sai dariyar ta yanke. Fom ɗin nan mu muka gaje shi, an tsara shi don masu ido, shekara da shekaru babu wanda ya ce a gyara. Kuma duk wanda ya cike shi haka, to bai shiga ajin ba. Na aika a kira mini Malam Tukur.

"Malam Tukur, wane darasi ka tarar yana koyarwa?"

"Hajiya, ai kin san Lawal. Yaron nan ko ba a duba shi ba..."

"Ban tambaye ka ko na san shi ba. Wane darasi?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hula. Can ya ce, "Haba Hajiya, bawan Allah ne fa. Wanda Allah Ya jarrabta, mu kuma sai mu ƙara masa?"

Washegari ban je ofis ba, na hau motar Kusada. Na isa makarantar ana tsakiyar darasi, ko'ina tsit sai muryoyin malamai ta tagogi. A gindin wata bishiyar bedi kusa da ofishin shugaban makaranta na hango shi a kan benci, cikin farar riga mai guga, sandarsa jingine, ga kofin kunu an rufe masa da murfi. A gefensa tarin takardu masu kauri an ɗaure da zare. Tun kafin in yi sallama ya miƙe, ya ce takun Hajiya ne wannan. Na tambaye shi wane aji yake da shi yanzu. Ya ce babu. Na ce to jiya fa? Nan ma babu. Na ɗauki takardun nan na shafa. Shirin darasi ne, na kowace rana, tun daga ranar farko har ta wannan safiya, ya huda su ɗaya bayan ɗaya, kuma ko guda bai koyar ba. Kullum sai ya yi wanka ya zo da shirinsa, a zaunar da shi a inuwa, a kawo masa kunu, in an tashi a sa mai babur ya mai da shi gida. Shugaban makarantar ya fito da fara'arsa, dattijo mai kirki, kuma kirkin nasa ne ya fi ƙona mini rai.

"Hajiya, ai muna kula da shi kamar ɗanmu. A ce mu tsayar da shi gaban yaran nan marasa kunya su yi mishi dariya? Ai sai Allah Ya tambaye mu."

Na juya wurin Lawal na ce me ya hana shi faɗa mini.

"Na faɗa wa Malam Tukur, Hajiya. Ya ce in gode wa Allah, wasu nema suke."

Ku duba fa. Mu ne masu yawo gari-gari muna lacca cewa mai lalura ba abin tausayi ba ne, a ba shi dama kawai. Mu ɗin nan muka ɗauki maki muka jefa masa a kwano. Na zauna a bencin na gaya masa gaskiya. Na ce ba zan sa hannu ba. Kuma gwajin nan sau ɗaya ake fita a shekara, don haka sai baɗi, abokan karatunsa za su tafi su bar shi. Kada ku ɗauka ya yi mini godiya. Fuskarsa ta sauya.

"Shekara guda, Hajiya? Laifin wa? Ni na hana kaina aji? Baba ba shi da lafiya, ya riga ya gaya wa duk Ƙofa bana zan gama."

Na ce ba laifinsa ba ne, kuma na san a kansa abin zai faɗa. Amma takardar da zan sa wa hannu cewa take yi na shaida wannan mutum malami ne, ni kuwa ban shaida ba, babu wanda ya shaida. In ya fita da ita, duk makarantar da aka tura shi bencin nan ne ke jiransa, da kofin kunu, har ya tsufa. Ya ce mini shi dai bai yafe ba. Na ce na ji.

A jami'a an kai ruwa rana. Shugaban tsangaya ya kira ni ya rufe ƙofa, ya fara da lallashi. Ya ce an riga an kai hoto wurin masu bugu, ya ce wannan ce damar da sashenmu ya daɗe yana jira, da ita za mu nemi ɗakin karatun makafi, ɗalibai nawa za su amfana? Maganarsa ba shirme ba ce, kuma ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Da ya ga ko gezau, sai ya ce in tuna wa'adina na shugabanci ya kusa ƙarewa. Na ce masa na tuna, kujerar ma tana sa mini ciwon baya. Na miƙa masa fom ɗin na nuna masa layin haɗa ido, na ce in ya ga daidai ne ga biro, ya sa nasa hannun. Bai sa ba. Aka cire hoton Lawal daga bango. Rahoton shekarar ya fito, shafinmu ɗauke da hoton simintin ƙofar ɗakin karatu, wani ma'aikaci tsaye a kai yana murmushi. Da wa'adina ya cika ba a sabunta ba, kuma ɗakin karatun makafin nan sai da aka yi shekaru kafin a gina shi. Wannan ma yana cikin abin da na jawo, ban ɓoye ba.

Na gida ya fi zafi. Labari ya riga ni isowa Kankia, ya iso kuma ba kai ba gindi: Hajiya ta kayar da makaho. Kakarku Inna, Allah Ya jiƙanta, ta tare ni tun daga tsakar gida, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba.

"Ke 'yar nan, bokon naki har ya kai nan? Makaho! Mutanen da ake neman albarka a bakinsu, ke kika sa ƙafa kika shure? Ki ji tsoron Allah, kina da ɗiya fa!"

Kwana uku ba ta ci tuwon da na tuƙa ba, sai ta aika maƙwabta a karɓo mata. Babanku kuwa bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya dawo daga sakatariya, ya ce a majalisarsu ta bakin titi an yi shiru da ya iso. Ya tambaye ni tambaya ɗaya, ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya ce shi ke nan, ya ɗauki butarsa. Amma na lura wata guda bai koma majalisar ba. Ke kuma Asma'u kika dawo daga makaranta da hijabi a yage, kin yi dambe da wata a kaina, kika ƙi gaya mini dalili. Na sani tun ranar.

Sai ga Malam Audu da kansa. An ɗauko shi a babur daga Ƙofa, ƙafafunsa a kumbure, da ƙyar aka shigo da shi zaure. Na sa mayafi na fito na durƙusa na gaishe shi. Tsoho ne siriri, tafin hannunsa duk kanta saboda tufka. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Hajiya, ni ban san boko ba. Wanga yaro, tun da idonshi ya tafi mutane ke ce mini in ba shi ƙoƙo shi bi gari. Na ce a'a. Na ce sai ya zama malam. Yanzu ga ni kin gani, ban san ko in ga wata kaka ba. Ki taimake ni in ji an kira shi malam kafin in kwanta."

Ban taɓa jin nauyin magana kamar wannan ba. Biro yana cikin jakata, fom yana ofis, kuma babu wanda zai zarge ni in na sauya. Na ce masa, Baba, in na sa hannu yau za a kira shi malam, amma ba za a ba shi aji ba. Ƙoƙon da ka hana shi ne za mu ba shi, sai dai na takarda. Ka ba ni shekara guda, ni da kaina zan tsayar da shi gaban allo. Ya daɗe yana kallona. Ya ce shekara ba a hannuna take ba. Ya yafito mai babur, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Gaskiyarsa. Da damina, gero ya fara fitar da kai, Malam Audu ya rasu. Na je ta'aziyya Ƙofa, Inna ta ce kada in je, na je. Da na shiga cikin gida mata suka yi tsit, wata ta janye tabarmarta. Na yi gaisuwa, mahaifiyar Lawal ta amsa ba ta dube ni ba. Na fito ta wurin maza, na ce, Lawal, ya haƙuri? Ya ce haƙuri sai ma'aiki, bai ƙara ko kalma ba. Ban yi kuka ba, na ga ba ni da hurumin yin kuka a gidan nan.

Bayan kaka aka sake fita gwaji. Ba ni ce shugaba ba a lokacin, amma na roƙi a ba ni Lawal, babu kuwa mai so, aka ba ni. Na zauna da abokan aiki muka gyara fom, muka cire haɗa ido muka sa sanin ɗalibai da riƙe aji. Na nemi a mai da shi makarantar nan dai, na je na zauna a ofishin dattijon nan na ce ba zan tashi ba sai na ga sunan Lawal a jadawali. Ya ba shi aji, yana ta salati. Na bar shi makonni ban leƙa ba. Ranar da na je ban sanar ba, na lallaɓa na zauna a bencin baya.

Abin da na fara gani allo ne. An kafa ƙusoshi gefe da gefe, an ja siraran igiyoyin rama guda biyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a miƙe. Lawal ya ɗora ɗan yatsan hagu a kan igiya, alli a dama, yana bi yana rubutu, layi ya fito sambal, ya fi na wasu masu ido da na sani. Darasin ire-iren ƙasa ne. Ya zo da gwangwanaye, wannan ƙasar jigawa, wannan ta fadama, wannan jangargari, duk daga gonakin Ƙofa. Ya sa yara suna zuba ruwa suna murzawa, yana tambayar wacce gero ke so, wacce ke riƙe ruwa, 'ya'yan manoma kuwa kowa na ɗaga hannu yana ihu a kira shi. Yana kiransu da suna, daga murya. Ana cikin haka ya tsaya cak.

"Mai ɓare gyaɗa a layi na uku, ajiye. In an tashi ka sammini."

Aji ya fashe da dariya, kuma ba shi ake yi wa ba. Shugaban makarantar yana tsaye bakin taga, baki buɗe.

Da aka fita muka zauna a bencin gindin bedi, ya ce in karanta masa makinsa. Na karanta. Maki mai kyau ne, amma ba cikakke ba, kuma da shi sakamakonsa ya sauko daga mafi girma zuwa mai bi masa. Ya ɗaure fuska ya ce a ina ya rasa sauran. Na ce an kaɗa ƙararrawa bai taƙaita darasi ba, kuma ya fi fuskantar ɓangaren maza, 'yan matan gefen taga sau biyu kawai ya kira su. Ya yi gardama a kan na farko, har da ɗaga murya, wai mai ƙararrawa ne ya yi sauri. Na ƙi. Na biyun kuwa ya ce wannan gaskiya ne, zai gyara. Yau shekarunsa da yawa yana koyarwa a ƙasar Kusada, yaran da ya koyar wasu sun zo hannuna a jami'a. A rahoton shekarar da ta biyo an ba shi layi ɗaya, babu hoto, babu sunana. Bai taɓa ce mini ya gode ba, ni ma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba, muna gaisawa da mutunci.

Amma ranar, da na tashi tafiya, na tambaye shi wa ya ba shi dabarar igiya. Ya ce dabarar tasa ce, igiyar kuwa Baba ne ya tufka. Yana kwance, ƙafa ba ta taka ƙasa, ya sa aka jiƙa masa rama, ya yi kwanaki yana murzawa a cinya, in ta yi kauri ya warware ya sake.

"Ya ce mini, tunda matar nan ta rantse sai ka tsaya gaban allo, to ka tsaya. Kada rubutunka shi karkace ta sami abin faɗa."

Na ce masa bai karkace ba. Na fita bakin hanya na tsayar da motar Kankia, na shige can baya na ja mayafi na rufe fuska. Kukan da ban yi a Ƙofa ba, a motar nan na yi shi, har kwandasta ya ƙi karɓar kuɗina. Wannan ita ce matar da ake nuna miki da baki, Asma'u. Tsohon nan bai ji an kira ɗansa malam ba, kuma ni na hana, da wannan zan kwanta. Amma ko gobe aka sake ajiye mini fom ɗin nan a tebur, ba zan sa hannu ba.